Darbejiya Huɗu a Wurin Shanyar Mata

Da kakar bana shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Habu makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Har yau in na fito da hantsi na hangi dandalin garinmu, sai in ga kamar shi ne can a duƙe, tsintsiya a hannu, ya ɗaure riga a ƙugu, yana tarin nan nasa da ake jiyowa tun daga bakin masallaci. In na matsa kusa, inuwa ce kawai ke motsi a ƙasa.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Kiru da Bebeji, ni kuwa malamin dagaci ne, ni ke rubuta masa takardu. Shekarar da En'e ta aiko da dashen darbejiya a gyara dandali, Yaya bai daɗe da dawowa daga haƙar kuza a Riruwai ba. Ƙirji ya hana shi noma, sai dagaci ya ɗora masa aikin. Ranar taro kowa ya zo da abin da yake so a fara. Tsofaffi dakali suke so, mahauta rumfa, liman ya ce a ɗaure bakin rijiya, Fulanin da ke ratsawa da shanu suka ce su dai kada a toshe musu hanya. Malamin daji da ya kawo dashen ya warware igiya zai ja layi a dasa a jere, Yaya ya roƙe shi ya ba shi kwana bakwai.

Kun san abin da ya yi da kwana bakwan nan? Shara! Kullum bayan sallar asuba sai ya share filin tas, da la'asar ya bi yana duba sawu. Nan 'yan mata ke bi zuwa rijiya, can ake ɗaure jakai, ga inda shanu ke karkata. An yi masa dariya ba kaɗan ba, ni ma ban bar tsiya ba, na ce kuzar Riruwai ta taɓa masa kai. Ya ce mutane sun riga sun faɗi yadda suke son filinsu da ƙafafunsu, shi karantawa kawai yake yi. Da ya gama sai ya jera aikin: rijiya da farko, sannan itatuwa a inda ƙafa ba ta bi, dakali sai inuwa ta samu, don kada a gina a rana a zo ana rushewa.

Da zai ɗago yau ya gani, na san zai yi murmushin nan nasa na gefen baki. Inuwa ta haɗe, ana ajin yaƙi da jahilci a ƙarƙashinta, ran kasuwa mota na tsayawa, matan Fulani sun jera ƙoren nono a kan dakali. Shanu na wucewa ta hanyarsu ba su taɓa ture dashe ko ɗaya ba. Wani lokaci nakan zauna in yi ta ba shi labari a zuci, in ce masa wane da ya fi kowa yi maka dariya, yanzu shi ya fi kowa barci a nan. Amma na san ba zai daɗe yana saurarona ba, zai waiwaya ya dubi kusurwar gabas.

Kusurwar nan ita ce ya tarar ba sawun kowa, sai na kaji. Ya yi murna, ya zaɓi dashe huɗu mafi kyau ya sa a wurin, ya kewaye su da ƙaya. Abin da ya manta, mu ma duk maza muka manta, shi ne da farkon damina ya yi shararsa. Wurin kuwa mashanyar mata ce, sai kaka suke zuwa, nan rana ta fi daɗewa, nan suke baza barkono da kuɓewa da yakuwa tun zamanin kakanni. Ba macen da ta zo taro, ba kuma wanda ya shiga gida ya tambaya. Da kaka ta yi suka zo suka ga ƙaya, suka ɗauki tabarminsu suka nufi fako can bayan gari.

Sai kaka ta biyu ya lura, lokacin ciwo ya kwantar da shi. Ya ga matarsa, Yaya Rakiya, ta dawo da kwando a ka tana haki, ya tambaya, ta gaya masa. Ya sa aka kira ni, ya riƙe hannuna.

"Ƙanena, na yi kuskure. Ka tumɓuke huɗun nan tun suna ƙanana, ka mayar wa mata ranarsu."

Na ce to. Kwana tara bayan haka ya rasu. Wallahi na je wurin da fartanya, na tsaya, na kasa. Da hannunsa ya dasa su, na ga yana ba su ruwa yana tari. Na ce sai baɗi. Baɗi ta zo na ce sai wata baɗin, itatuwa suka wuce tsayin ɗaki, na mayar da gindinsu wurin zamana. Son zuciya ne, ba na ɓoyewa, ina jin daɗin zama kusa da shi a nan.

Makon jiya dagaci ya ce in rubuta ayyukan dandali na bana bi da bi, a kai wa hakimi. Ina zaune a gindin darbejiyar nan da takarda, na rubuta sabon dakali, na rubuta turakun jakai, sai ga Yaya Rakiya za ta bayan gari duba fako. Ta tsufa, tana jan ƙafa ɗaya. Na gaishe ta, na tsokane ta yadda muka saba, na ce me matar Yaya take so a sa mata a takarda. Ta tsaya ta dubi itatuwan, sannan ta dube ni.

"Malam, ai shi ya riga ya gaya maka. Ina bakin ƙofa ranar, na ji. Na yi shiru ne don na ga nan kake zama."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Shekara bakwai tana tafiyar nan da kaya a ka, ita da sauran mata, don ni in sami wurin tunawa da mijinta.

Na yage takardar na sake wata, na sa saran itatuwa huɗun nan a farkon jerin. Dagaci ya tambaye ni har sau uku ko na tabbata. Na ce Yaya ne ya jera, ni rubutawa na makara. Ina tsammani dā itatuwan nan su ne abin da ya bar mini, ashe abin da ya bari umarni ne, da halin mutumin da zai ce na yi kuskure yana kan gadon mutuwa. Jibi masu gatari za su zo, na roƙe su su bari in fara sara. Barkonon Yaya Rakiya ya riga ya nuna a gona, ta ce ba za ta tsinke shi ba sai ta ga rana ta sauka a wurin.