Littafin da Muka Buɗe ta Dama

Har yau ban san ko Malam ya sani ba. Na tambayi kaina a kan sallaya, na tambayi kaina ina tsintar shinkafa, na tambayi jikata Falmata da take rubuta wannan magana daga bakina, ta ce, "Kaka, ke da kika zauna da shi ba ki sani ba, ni ce zan sani?" Tambayar ita ce, tun yaushe mijina ya gane cewa a baibai muke karanta littafin nan, kuma in ya gane, me ya hana shi gaya mini?

Wata Alhamis ce da damina, shekarar da aka yi wa ɗakin Innata rufin kwano, ina cikin famfarar haƙora. Baffa, mahaifina, dillalin shanu ne. Iyayensa makiyaya ne, shi ya fara ajiye sanda ya zauna a unguwar Wulari, amma ƙafarsa ba ta daina tafiya ba. Ranar ya dawo daga Chadi da rana tsaka, ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, ya sauke buhu a tsakar gida. A ciki akwai kanwa da busasshen kifi da itacen turaren Inna, can ƙasa kuma wani littafi mai faɗi, bangonsa ya yage gaba da baya, ciki duk zane ne a ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Wani mai kanti ne ya ba shi don ya riƙa ƙunshe kaya. Inna ta juya shi ta ce zai yi daɗin hura wuta. Na jira ta shiga madafa, na cusa shi cikin zanina, na bi ta ɓarakar zana na faɗa gidan maƙwabta.

A gidan akwai Ya Kyari, ɗan mai wankin hula, wanda ya ɗan girme ni, kuma shi ne gwanin allo a tsangayarmu. Bayan ya zama mijina ban sake kama sunan nan da bakina ba sai yau, don Falmata ta ce takarda ba ta san kunya ba. Na same shi gindin dogon yaro yana fiƙe alƙalami. Ya goge hannu a rigarsa, ya yi bisimilla, ya buɗe littafin ta hannun dama, yadda muka ga malaminmu yana buɗe kowane littafi. Babu wanda ya yi musu. A layinmu lokacin ba ɗan boko ko ɗaya, kuma wa zai zaci akwai mutanen da suke fara littafi ta hagu? Rubutun da ke fitowa daga bakin mutanen cikin zanen ba mu san yarensa ba. 'Yan alamomin da ke ƙasan kowane shafi kuwa muka ce shaidar mai littafin ce, irin wadda ake yi wa shanu da wuta.

Ga labarin yadda muka same shi. Wata tsohuwa ce zaune ita kaɗai a bakin wani babban ruwa, kanta fari, bayanta kangon gida da ya ƙone. Kullum tana nan tana duban ruwa. Sai ga ɗigon baƙi can nesa. Ka buɗe shafi, ɗigon ya zama jirgin ruwa. Ka sake buɗewa, ga mutum tsaye a ciki ya ɗaga mata hannu. Sai ga shi a gaɓa sun riƙe juna tana kuka. Daga nan komai ya yi ta gyaruwa. Kango ya tashi ya zama gida, awaki suka cika garke, furfurarta ta koma baƙa, aka yi biki da ganguna. A shafin ƙarshe ga yara biyu, mace da namiji, suna wasa a bakin ruwa da ɗan karensu, muka ce 'ya'yansu ne. In wani abu ya ƙi zama daidai, Ya Kyari yana da amsa. Na tambaye shi yadda tsohuwa ta koma budurwa, ya ce, "Baƙin ciki ne ya tsofar da ita. Ba ki ga Innarki ranar da Baffa ya dawo ba?" A wani wuri mutum ya faɗi ƙasa kafin a ture shi, ya ce santsi ne ya kwashe shi, wancan kuwa hannu yake miƙa masa.

Kafin damina ta wuce, littafin ya zama majigin unguwa. Ni aikina ya yi yawa a gida: in share garke, in kai wa maruƙa dusa, in ɗebo ruwa a rijiyar bayan masallaci, in taya Inna surfen geron burabusko har tafin hannuna ya yi kanta. Amma ban taɓa gama aiki da sauri kamar lokacin ba. Da la'asar yara su taru gindin dogon yaro, kowa da ɗan abin da ya samo, goruba ko aduwa ko ƙanzon tuwo, a zuba a faifai ɗaya. Ni ke riƙe littafin tunda na gidanmu ne, Ya Kyari ke yin muryoyi, rabi da Hausa rabi da Barbarci, har da haushin kare. Gaɗa ta mutu a layinmu, langa ta mutu, wankan kogin Ngadda ma sai an gama labari. Duk mun san jirgin zai zo, amma in aka kai shafin ɗigon nan sai kowa ya miƙe yana ihu, "Ga shi can! Iya, ɗaga kai, ga shi can!" Wata yarinya kullum sai ta rufe ido sai an ce mata ya sauka.

Ranar da Inna ta kama mu, da muciya a hannu ta zo, don na bar nono a rana. Ta tsaya a kanmu, Ya Kyari bai gan ta ba yana ta muryar tsohuwa. Muciyar ta yi ta sauka a hankali har ta taɓa ƙasa. Da jirgi ya iso gaɓa na ji ta ja hanci, ta ce, "Allah sarki, ashe ya dawo." Inna mace ce da ta yi rabin aurenta tana jiran mai bin shanu. Daga ranar littafin ya koma cikin adudunta tare da turaren wuta, shi ya sa har yau in ka buɗe shi ƙamshin ɗakinta ne ke fara fitowa. Matan layi ma suka riƙa shigowa da hantsi, in maza sun fita, a kira mu mu yi musu.

Da muka girma Baffa ya ɗauki Ya Kyari ya koya masa harkar shanu, daga baya aka ɗaura mana aure, littafin ya biyo ni cikin kayan ɗaki. Malam ya yi tafiye-tafiye fiye da Baffa. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya iya boko, ya tsinci Faransancin ciniki a kasuwannin Chadi da Kamaru, har yana karanta allon hanya. Duk ranar da zai tafi, ya rataya jaka, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Zara, yaya littafin nan ya ƙare?" In ce, "Jirgi ya dawo." Ya ce, "To, shi ke nan." Sallamarmu ke nan, a shekarun lafiya da shekarun da hanyoyi suka lalace, mutum ya fita ba a san ko za a sake ganinsa ba. 'Ya'yanmu sun ji labarin a bakina kamar tatsuniya, amma littafin Malam bai taɓa barin sun riƙe ba, wai takardar ta tsufa.

Bara Falmata, wadda ta tashi a Kano wajen iyayenta, ta zo karatu jami'a ta kama ɗaki a unguwar Mairi. Wata rana tana taya ni shanya kaya ta ga littafin, ta ɗauki hoton shafi ɗaya da wayarta. Ba a jima ba ta dawo da gudu, wai ashe sanannen littafi ne a ƙasar mai zanen, har an mayar da shi fim an sa masa Hausa, kuma ɗalibai za su nuna shi bayan azahar a wani zaure kusa da su. Lokacin ciwo ya riga ya kama Malam, ƙafafunsa sun kumbura, masallaci ma da ƙyar. Amma ya ce a ɗauko masa hularsa ta Juma'a. Na ɗaura lafayata mai ruwan goro. A hanya ya ce wa mai keke napep, "Yi sauri, ɗana, za mu je mu taryi jirgi."

Zauren ya cika. Akwai ɗalibai da suka karanta littafin a waya, akwai 'yan kasuwar Kwastam da suka zo don an ce kyauta ne, akwai mata 'yan ƙauyukan bakin tafkin Chadi da tashin hankali ya koro cikin gari. Aka rufe tagogi, aka kunna. Abin da na fara gani yara biyu ne da ɗan kare suna wasa a bakin ruwa. Na taɓa Malam na ce sun fara da ƙarshe. Ya ci gaba da kallo. Aka yi biki. Na ce to, wataƙila dabarar masu fim ce. Ɗaliban bayanmu suna ta mita, wannan ya ce an yanke wajen kamun kifi, wancan ya ce matar ta cika kyau, ta cikin littafi ba ta shafa komai. Wani ɗan kasuwa ya juya ya ce, "Ku da kuka sani ku fita mana, ku bar mu mu jahilai mu gani." Aka yi dariya. Sai awaki suka fara ƙarewa. Sai wuta ta ci gidan. Dariya ta ɗauke. Da mutumin ya sa ƙafa a jirgi, ɗan kasuwar nan ya miƙe ya daka tsawa, "Kai, kada ka shiga!" Ɗaya daga matan bakin tafki ta ja lafaya ta rufe fuska ta fita, ba wanda ya tare ta. Jirgi ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama ɗigo, ɗigon ya ɓace, kan matar ya yi fari.

Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Na ce da ƙarfi, "Kun sa shi a baibai! Ku juya shi, mutumin nan dawowa yake yi!" Zauren ya fashe da dariya, wasu da hawaye a fuska suna yi. Wani ya ce, "Hajja ta fi mai fim iyawa!" Wata ɗaliba mai hankali ta durƙusa gabana ta ce, "Kaka, haka littafin yake. Ta hagu ake farawa." Ta nuna mini a wayarta, ta ce alamomin ƙasan shafi lambobi ne. Na duba Malam. Ya dafa sandarsa da hannu biyu, idonsa a kan farin bango, fuskarsa ba ta ce mini komai ba. A bakin ƙofa matar da ta fita tana tsaye. Ta kama hannuna ta ce, "Iya, a naku ya dawo?" Na ce ya dawo. Ta ce, "Ki ba ni naku." Na ba ta labarin a tsaye, tun daga tsohuwa har yara biyu.

A hanyar gida na ce, "Malam, ka sani?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Zara, kin tayar da zauren mutane, yanzu kuma ni za ki tayar?" Ban sake samun wata amsa ba. In na tuna yadda ya hana 'ya'yanmu riƙe littafin, sai in ce ya sani. In na tuna hular Juma'a da maganar taryen jirgi, sai in ce bai sani ba, don mutumin da ya sani ba zai kai matarsa wurin da ƙafarsa mai ciwo ba. Tsoro kuwa ya shige ni, domin sallamar da na dogara da ita tun ina amarya an ce kuskuren yara ce, ga shi kuma yana shirin tafiyar da ta fi duka.

Yanzu an sare dogon yaron nan, shagon cajin waya ne a wurin. Yara suna kallon irin waɗannan labarai kowa shi kaɗai, yana turawa da yatsa, ba faifan goruba, ba mai ihu ya ce wa tsohuwa ta ɗaga kai. Sun fi mu sani, ban musa ba. Mai zanen ta hagu ya fara, na yarda. Amma ni musulma ce, an koya mini cewa rabuwa ba ita ce shafin ƙarshe ba, akwai inda furfura ke komawa baƙa, a mayar wa mutum da nasa. Ina kuka kullum, ba na ɓoyewa, amma ba kukan wadda aka yaudara ba ne.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ya ce in ɗauko littafin. Na ɗauko, ƙamshin Inna ya cika ɗakin. Tun ranar zauren ban taɓa shi ba, sai na tsaya riƙe da shi a kan cinyata, na rasa ta gefen da zan kama. Ya daɗe yana kallona. Ya miƙo hannu da ƙyar ya juya littafin, ya ɗora yatsana a kan tsohuwar da ke bakin ruwa. Magana ɗaya ya yi mini, bayanta bai sake magana da kowa ba sai Ubangijinsa.

Ya ce, "Ta dama, Zara. Ta dama za ki buɗe."