Ƙullin Inna

Marin farko da na sha a kan allura, ko azumi ban fara ba. Ina zaune gefen Inna a barandar gidanmu na Zongo, ruwan Kumasi yana ta dukan kwano, ta ba ni ƙyalle biyu ta ce in haɗa. Na haɗa, na kai ƙarshe, na ciji zaren na miƙa mata ina washe baki. Ta juya shi, ta kama bakin zaren ta ja, ɗinkin ya zare sumul tun daga farko har ƙarshe. Ban ga tahowar hannunta ba, sai dai na ji kunnena ya ɗauki ƙara.

"Uban wa ya mutu a gidan nan da za ki yi mini ɗinki ba ƙulli?"

Ranar na san cewa a wurinmu likkafani kaɗai ake ɗinkawa ba a ƙulla ba. Maza su zauna a zaure, su zaro zare daga jikin alawayyon, su yi ta soka, in sun kai ƙarshe su bar shi haka sake. Na mai rai kuwa dole a ƙulle shi. Kowa ya san wannan, amma Inna ta fi kowa ɗaukarsa da zafi. Ita ƙulli take yi a kan ƙulli, ta ja da haƙori har sai ya nutse cikin yadin, ko da aska za ka sha wuya kafin ka kwance.

Ba tela ba ce, kuma kada wanda ya kuskura ya kira ta haka. Babanmu fataucin goro yake yi, ya fi daɗewa a hanyar arewa bisa ga gida, kuma bai bar mu da yunwa ba. Ɗinki abin sonta ne kawai. In ta gama da murhu sai ta jawo lefenta, inda take ajiye almakashi da alharini kala-kala, da allurai da take sokewa a tsumma mai man kaɗanya don kada damshin garin nan ya sa su tsatsa. Ta yi mana matasai, ta yi wa jariran unguwa 'yan riguna in ta ga dama. Amma inda ranta yake shi ne hula, kuma mutum ɗaya take ɗinka wa.

Yayana ne, ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari irin ta Inna ban taɓa ganin kamarta ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo gaisuwa bango take amsa wa. Wata yarinyar maƙwabta da aka sa wa ƙaninta irin sunansa, sai da Inna ta ƙirƙira wa yaron wani laƙabi don kada bakinta ya faɗa. Sai ta yi watanni tana huda idon hula da tsinke tana zagaye shi da alharini, ran da ta gama ta wurgo mini ita kamar tsumma, ta ce, "Kai wa wancan, kansa kullum a waje kamar na maraya." Shi kuma ya karɓa ya sa, ya fita yana taku ɗai-ɗai. Duk Zongo an san hulunansa.

To akwai wani mahauci a bayan layinmu, ƙato ne, ɗan dambe, mai son a san da shi. Ya ga hular ya yi sha'awa, ya aiko matarsa da yadi da goro wai a yi masa irinta. Inna ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare ta ci, ta mayar da yadin.

"Ki ce masa na gode da goro. Teloli suna can kasuwar Adum."

Abin ya tsaya masa a wuya. Namiji da gemunsa, a kan hula! Allah wadai.

Wata Alhamis da hantsi Inna ta aike ni Adum sayen jan alharini, Yaya ya raka ni domin shi ma yana da saƙo a tasha. Muna dawowa, mun zo daidai inda masu dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ke jera kwandunansu, sai ga mahaucin da yaransa biyu sun ɗauko cinyar bijimi. Bai yi sallama ba. Hannu kawai ya sa ya fizge hular daga kan Yaya, ya juya ta yana dariya, ya ce tunda uwarsa ba ta ɗinka wa talakawa, bari ya ga ko tana goge wuƙa. Ya zaro wuƙarsa ya shafe jinin naman a jikinta, gaba da baya, a gaban mutane.

Yaya ba mai faɗa ba ne, ni ce mai faɗan gidanmu. Amma ranar ban san shi ba. Da ka ya tafi masa, ya sakar masa goshi a baki, na ji ƙas, na ga haƙoran mahaucin a ƙasa cikin taɓo. Suka kife kan kwandon wata mata, dokunu ya watse, mata suna ihu da Tonanci, yaren 'yan asalin garin. Yaya ya hau ruwan cikinsa yana dukan fuskarsa da hannu biyu, yaran suka rufe shi ta baya da duka. Ni na cafki ƙafar ɗayansu na kafa haƙori a sharaɓarsa, ya yi ta rangwaɗa mini gwiwar hannu a ka ban saki ba, wallahi har yau ina jin ɗanɗanon gishirin fatarsa. Ana cikin haka mahaucin ya samu hannunsa ya kuɓuta. Sau ɗaya ya ja wuƙar, daga ƙasan haƙarƙarin Yaya har zuwa ƙugu, yadda ya saba yi wa dabba.

Yaya ya miƙe tsaye, ya dubi rigarsa, ya sa hannu ya dafe, sannan ya zauna a ƙasa. Mahaucin da yaransa suka arce suka bar naman.

'Yan kaya ne suka ɗauko shi a kan wani tsohon ƙyaure, ina bin su ina kururuwa da hular a hannuna. Aka ajiye shi a zaure. Babanmu ba ya gari, sai Baffa, ƙanensa, shi ne babba a gida. Aka kira wanzami. Ya ɗaga rigar, ya ga naman ya wage har ana hango farin kitse, jini yana bulbulowa, ya mayar ya rufe. Ya ce hanji bai fito ba, amma wannan ya fi ƙarfin ƙahonsa da askarsa, a yi ta salati. Wani ya ambaci asibitin Turawa, aka yi masa ca, domin a lokacin mutanenmu sun ɗauka wanda aka shiga da shi can sai dai a karɓo gawa.

Inna fa? Tana ɗaki, ta juya wa ƙofa baya. Mata sun cika tsakar gida suna kuka, ita ko tari ba ta yi ba. Haka ake so uwar ɗan fari ta yi, har wasu suna yaba mata. Na shiga na ajiye hular a gabanta da jinin bijimi da na ɗanta a jiki. Ta dube ta, ba ta taɓa ba.

Baffa mutum ne mai son a ce ya iya tsara al'amari. Ya duba rana, ya ce in rai ya yi halinsa bayan azahar, ba za a samu binnewa kafin magariba ba sai an shirya tun yanzu. Ya aika aka yanko alawayyo. Yaya yana kwance yana numfashi, idonsa biyu, dattawa suka zauna daga gefensa suka fara auna yadin da kamu. Ɗayansu ya kama ya yage shi, ƙyaaat.

Wannan ƙarar ce ta shiga har ɗakin Inna.

Ban taɓa ganin ta fita ko ƙofar gida ba mayafi ba. Ranar da ɗaurin ƙirji ta fito, ta suri taɓarya a bakin turmi, ta ratsa matan nan ta faɗa zauren maza. Baffa yana riƙe da bakin yadin, ta sauke masa taɓaryar a hannu, na ji ƙashin ya amsa. Ya ƙwalla ƙara ya dunƙule. Tsohon da ke zaro zare ya tashi zai yi magana, ta tokare masa ƙirji ya koma da baya ya bugi bango, rawaninsa ya warware.

"Yana numfashi kuke auna shi? Yana kallonku? Duk wanda ya sake taɓa yadin nan sai an haɗa da shi!"

"Ke, ki ji tsoron Allah, ɗan fari ne fa, ina kunyarki?" in ji Baffa, yana riƙe da hannu yana hawaye.

"Ka ci kunyar, Baffan yara." Ta juyo kaina. "Ke, lefena. Da garwashi."

Na kawo, har da hular. Maƙwabciyarmu Batoniya, 'yar asalin garin, wadda muke kira Mame, ta ji hayaniya ta shigo da kwalbar barasar mijinta, ta ce a zuba a ciwon, haka masu saran daji suke yi. Dattawa suka hau a'uziyya. Inna ta karɓa ta tuttula rabi a cikin naman, Yaya ya yi wata irin ƙara ya banƙare har ƙyauren ya motsa. Ta ce da 'yan kayan nan su danne shi, biyu a kafaɗa, sauran a ƙafafu, ta cusa masa hular a baki ya ciza.

Jan alharinin da na sayo da safe, shi na zura mata. Ta gasa allurar a garwashi, ta lanƙwasa ta kaɗan da haƙorin almakashi, ta haɗa leɓen ciwon da yatsu ta soka. Fatar mutum tauri gare ta, ban sani ba sai ranar. Sai ta danna da ƙarfi allurar take ɓullowa, jini ya sa tana zame mata, ta riƙa kamawa da haƙori tana ja. Kowane soki ɗaya sai ta tsaya ta ƙulla, ta sake ƙullawa a kai, ta yanke, ta miƙo mini hannu ba ta ko dube ni ba. Da na kasa samun kafar allura, ta kai mini mangari da bayan hannu, jinin Yaya ya shafe mini fuska, na samu.

An kai wajen rabi sai jikinsa ya saki. Hular ta faɗo daga bakinsa, idonsa ya juye. Wani daga bakin ƙofa ya fara innalillahi. Inna ta saki allurar tana reto a jikinsa, ta ɗauke shi da mari, ta sake, ta kama kunnuwansa biyu ta jijjiga kansa. Sannan ta kira sunansa. Da ƙarfi ta kira, a gaban Baffa da liman da 'yan kaya da duk wanda ya leƙo, sunan da tun ranar da aka raɗa masa bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Ka buɗe ido ka dube ni! Ni ce. Ban gama ba."

Ya buɗe. Na rantse da Allah ina wurin, ya buɗe, ya dube ta, ita ma ta dube shi. Ta koma kan ɗinkinta har ta kai ƙugu.

Bai warke da sauƙi ba. Zazzaɓi ya kama shi, ciwon ya yi ruwa, ɗakin yana wari har ba mai iya shiga sai ni da ita. Kullum ta matse mugunyar yana ihu, ta wanke da ruwan gishiri, ta shafa zuma. Da ya fara tashi sai ya zama yana tafiya a ɗan karkace, haka kuma ya ƙare. Mahaucin an ce ya gudu Gwanja da wawulonsa, ban yafe masa ba kuma ba zan yafe ba. Hannun Baffa ya ɗore a murɗe, bai sake cin tuwon Inna ba, ita kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Ran da Yaya ya fara fita da ƙafarsa, ya shigo gaishe ta, ta juya ta amsa wa bango. Sunan nan bai sake fitowa daga bakinta ba. Alawayyon kuwa ta ɗauke abinta, ta yayyanka, ta yi ta yi masa huluna da shi har ya ƙare. In ta gama ta wurgo mini, "Kai wa wancan."

Ba ta yi tsawon rai ba. Ina goyon ɗana na biyu ciwon ƙirji ya ɗauke ta, da safe, cikin damina. Maza suka zauna a zauren nan suka yage yadi. Aka ce mini Yaya, wanda bai taɓa riƙe allura ba, ya matsa ya ce a ba shi gefe ɗaya. Suka nuna masa yadda ake zaro zaren da yadda ake sokawa, suka bar shi.

Ina cikin ɗaki tare da tsohuwar da ta yi mata wanka aka miƙo likkafanin. Muna warwarewa hannuna ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙarshen ɗinkin, ta wajen kai. Na duba. Ɗinkin a karkace yake, wani soki dogo wani gajere, amma a bakinsa an yi ƙulli, an sake yin wani a kai, an ja shi har ya nutse cikin yadin, da ɗan damshin yawu a wurin.

Tsohuwar ma ta gani. Ta ce, "Subhanallahi, wane ne bai san ba a ƙullawa ba?" Ta laluba ta ɗauko aska.

Na riƙe mata wuyan hannu. Na matse har askar ta faɗi a tabarma, ta dube ni ta ga ba wasa a fuskata, ta janye hannunta. Muka naɗe Inna, na juya wurin zuwa ciki ta gefen kumatunta yadda ba mai gani, aka fita da ita. Yaya yana gaba a ɗan karkace, da farar hula a kansa.