Mai Saiwa, Mutumin da Ya Saurari Bado

Shekara talatin da ɗaya, kowace safiya kafin rana ta yi zafi, ana ganinsa a bakin tafki da dogayen takalman roba da bokiti da ƙaramin shebur. Ma'aikaci ne a ɗakin gwajin ruwa, aikinsa ɗebo abin da za a gwada, kuma sunansa bai taɓa fitowa a kan rahoto ba. Masunta ne suka raɗa masa Mai Saiwa, domin ba ya tsinko ganye ya juya. Sai ya nutsa hannu har kafaɗa cikin laka, ya tumɓuko bado ko kachalla da saiwarsu, ya wanke, ya rubuta wuri da rana. A ɗakin gwaji ya shanya, ya daka, ya miƙa wa masu na'ura. Uwargidansa takan ce mutum ta aura aka kawo mata kwaɗo, don ko ranar hutu warin laka ba ya barin rigarsa.

Duk wanda ya tambaye shi dalili, yakan bayyana masa cewa ruwa matafiyi ne, abin da aka zuba masa yau gobe ya wuce. Gubar ƙarfe kuwa, irin su dalma, nauyi gare ta, ƙasa take sauka ta kwanta a laka shekara da shekaru. Kainuwa a sama take yawo, labarin ruwa kaɗai ta sani. Bado ƙafarsa a laka take, abin da laka ta ɓoye shi yake sha ya adana.

Shekara tara da suka wuce ya lura badon lungun gabas ya sauya, daidai inda magudanar wata masana'antar narka tsofaffin batura take zubowa. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta gajarce ta yi baƙi, fure ya daina buɗewa. Sabon shugaban ɗakin gwaji ya sa aka ɗebo ruwan sama a kwalba, gwaji ya nuna lafiya lau, ya ɗauki alƙalami zai sa hannu a rahoto. Abokan aikinsa sun shaida yadda Mai Saiwa ya shigo ya ajiye jiƙaƙƙiyar saiwa a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, kwalba ruwan yau ta gani. Wannan shekara biyar ta yi a wurin. Ita ma a tambaye ta."

Aka gwada, dalma ta fito fiye da kima.

Nauyin da ke zuciyarsa shi ne, a wannan lungun lambun ƙaninsa yake, wanda mahaifinsu ya bari, inda su biyu suka koyi iyo a tsakanin farin bado. Duk rani ƙanin yakan kwaso lakar tafki ya zuba wa shukarsa a madadin taki. Mai Saiwa bai jira takarda ta riga shi ba, da ƙafarsa ya je ya faɗa masa cewa amfanin lambun nan ba ya ciyuwa.

Ƙanin ya dube shi ya ce, "Yaya, kai ciyawa ce ta yi maka magana. Ni 'ya'ya bakwai ke yi mini."

Aka rufe lambun, aka toshe magudanar. Ƙanin ya koma noma a ƙetaren tafki, ya ɗauke ƙafa daga gidan yayansa. Gaisuwa ma sai ta bakin matansu take zuwa.

Mai Saiwa, kai ne ka zaɓi lafiyar waɗannan yara bakwai a kan fara'ar ubansu. Kai ne ka ci gaba da shiga laka, idonka yana can ƙetare, ba ka taɓa kai ƙorafi wurin kowa ba.

A watan jiya ya ajiye aiki. Ana cikin sallama a farfajiyar ɗakin gwaji sai ga ƙanin da bokiti, wandonsa a jiƙe har gwiwa.

"Yaya, badon sabon wurin ne. Da saiwarsa na ciro, yadda kake yi. Duba mini."

Mai Saiwa ya daɗe yana juya saiwar a hannu. Ya ce fara ce kuma doguwa, amma ido ba na'ura ba ne, sannan ya nemi izini ya daka ta da kansa. Shi ne aikinsa na ƙarshe, kuma gwaji ya nuna ba guba.

Mun gode, dattijon laka. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa gwiwoyinka ƙarfi. Matasan da suka gaji bokitinsa, ku nutsa hannu har kafaɗa, kada ku tsaya a kan abin da ke sama. Har yau bado bai dawo lungun gabas ba. Amma masunta sun ce da safe sukan ga tsofaffi biyu a tsaye a bakin wurin, suna duban ruwa, ko ya ɓullo.