Tsiron da Ya Tona Mini Asiri

Ni 'yar fari ce, don haka Hajiya, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in kuma da baƙi, "waccan". Ko zazzaɓi nake yi, ƙanwarta take turowa ta duba ni. Kunyar 'yar fari ke nan, kuma na saba.

Ina amarya a Hotoro wani tsiro ya fito mini a dasashi, tsakanin haƙoran gaba, ja wur, girman ƙwayar wake. Ba ya ciwo, amma da buroshi ya taɓa shi sai jini. Ranar da na je gidanmu a Nassarawa, garin dariya Hajiya ta hango shi. Take fuskarta ta canza. Ciwon daji ne ya ɗauke yayarta, kuma da ɗan tsiro a baki ya fara. Wannan karon ba ta aiki kowa ba. Mayafi ta yafa, ta ce direba ya fito da mota. Wallahi sai a lokacin tsoro ya kama ni.

Likitar haƙori, wata mai fara'a, ta haska fitila ta tattaɓa wurin, ta ce kafin ta ɗauki hoto tana da tambaya.

"Amarya, akwai ciki ne?"

Wayyo ni! A gaban Hajiya! Cikin fari, wanda ko ƙawayena ban gaya wa ba. Ga ni kwance baki wangale, ba halin sunkuyar da kai. Na janyo mayafi na rufe ido.

Likita ta yi dariya. "To, na samu amsa. Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan bai yi kama da daji ba. Masu ciki kan yi shi. Zan wanke mata haƙora, ta riƙa kurkurewa da ruwan gishiri. Yawanci bayan haihuwa yake motsewa. In ya ƙi, mu cire mu aika gwaji."

Haka kuwa aka yi, da na haihu ya tafi abinsa. Amma a ranar, Hajiya bango ta ƙura wa ido, kamar da wata ake magana.

A mota ma waje take kallo. Can ta ce wa direba, "Malam, bi a hankali, akwai ramuka."

"Hajiya, titin nan ai sumul yake."

"Na ce ka bi a hankali."

Sai na ji hannunta ta ƙarƙashin mayafi ya kama nawa. Ba ta sake ni ba har muka shiga gida.