Senami Mai Daddawar Tsohuwar Tasha

Da jirgin fasinja ya daina tsayawa a Bohikon, duk mu masu sayar da daddawa muka kwashe farantanmu muka koma tashar mota. Senami ce kaɗai ba ta bi mu ba. Mun girma a unguwa ɗaya da ita, gwauruwa ce mai 'ya'ya uku, ba ta da wani jari da ya wuce namu, daddawarta ma ba ta fi tamu daɗi ba. Na ɗanɗana, na sani.

Kullum da safe sai ta ɗora farantinta a ka ta nufi tsohuwar tashar jirgi, ta share gindin mangwaron nan da ke bakin ƙofa, ta zauna. Ba kowa a wurin sai awaki da ma'aikatan jirgin kaya. Ko da ruwa ake shekawa, tana nan a rakuɓe.

"Dada, wa kike jira ne?" in ji Dosi, ƙanwar marigayi mijinta, mai kiranta Dada, wato yaya, wata rana da muka biyo ta wurin. "Ko fatalwowi ma sun fara miya?"

"In sun zo zan sayar musu," in ji Senami. "Ku gaida tashar mota."

Muka yi ta dariya har gida.

Bayan damina biyu sai dariyar ta fara ƙarewa. Wata mata mai gidan abinci a Kwatano, wadda a da take sayen daddawa ta tagar jirgi, ta zo gari biki, ta ce a kai ta tashar jirgi. Senami kaɗai ta tarar. Ta saye farantin gaba ɗaya, ta ce a riƙa aika mata kowane mako. Daga ita sai ƙawayenta, sai direbobin auduga, sai 'yan kabu-kabu da ake aikowa takanas. Kafin mu farga, Senami ta ɗauki mata biyu aikin dafa kalwa, ta cire rufin ciyawar ɗakinta ta sa kwano.

Nan magana ta tashi. Wasu suka ce ta binne wani abu a gindin mangwaron, shi ya sa ba ta iya barin wurin. Wasu suka ce an gan ta a ƙofar wani boka a Abome. Dosi ta fi kowa zafi, don ta ce rasuwar yayanta ma yanzu ta fara ba ta tunani.

"Ke ce ƙawarta," ta ce mini. "Je ki zauna da ita ki buɗe ido. Mutum ba ya arziki a kango haka kawai."

Na je, ba don Dosi kaɗai ba, ni ma abin yana cina. Na ce mata ƙafa ke damuna, tashar mota ta yi mini nisa. Ta matsa mini a benci. Na zuba ido a kan hannunta, da ƙullin zanenta, da inda take ajiye tsintsiya. Ban ga laya ba, ban ga turare ba. Abin da na gani shi ne, duk wanda ya tsaya sai ta ajiye abin da take yi ta dube shi sosai. Ta san wane direba ne matarsa ta haihu, wane ne hawan jini ya hana shi gishiri. Wani ya zo ba ta gamsu da daddawar ranar ba, ta ce ya dawo gobe, ta ƙi sayar masa.

Da zan tafi ta ce, "Kin samu abin da aka aiko ki nema?"

Kunya ta kama ni, na ce ni ba wanda ya aiko ni.

"To, ki gaya wa Dosi wuri yana da faɗi. Ta zo."

Dosi ta zo kuwa. Ta kafa farantinta daura da na Senami, ta sayi tsintsiya iri ɗaya, har gaisuwar ta kwaikwaya. Amma yau biki, gobe ciwon kai, jibi ta ji an ce akwai ciniki a tashar mota. Wanda ya saya a wurinta jiya, in ya dawo bai gan ta ba, sai ya tsallaka wurin Senami. Wata bai cika ba ta tattara kayanta.

"Na faɗa muku ta ɗaure wurin," ta ce mana. "Ga shi ni ma ta kore ni."

Ni dai ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Abin da ido bai gani a rana ba, ba zan rantse babu shi ba.

Yanzu Senami ta tsufa, 'yarta ta fari ce ke kula da aike, amma ita har yau tana zuwa tasha. Dosi kuwa tana cikin masu wanke mata kalwa a tsakar gida, ana biyanta kamar kowa. Sai dai ba ta cin abincin gidan, ruwan sha ma da gorarta take zuwa.