Irin Cittar da Mama Ta Bar Mini

Ina tsaye gaban allo a makarantarmu da ke Kafanchan, alli a hannuna, ƙanena Bulus ya kira. Ya ce, "Yaya Ladi, ki zo gida, Mama ta rasu." Na ce, "Wace Mama?" Har yau ina jin kunyar wannan tambaya, amma hankalina ne ya ƙi ɗauka. Matar da ta share tsakar gida da safe, ta ba kaji dusa, ta zauna a kujerarta gindin mangwaro, shi ke nan wai ba ta tashi ba. Ko ciwon kai ba mu ji ta yi kuka da shi ba.

Mama Rifkatu ta rasa mijinta muna ƙanana, mu biyar. Da gonar citta guda a ƙauyenmu kusa da Kachia ta raine mu, ta kai mu makaranta. Ita ce shuka, ita ce ɗauko ciyawar rufe gona a ka, ita ce tono da tsagawa da shanya. Ƙamshin citta bai taɓa barin hannunta ba. Idan 'ya'yana suka dawo hutu daga wurinta, sun yi ɓul-ɓul da gwaten acca, har rigunansu ƙamshin nan suke yi. Ranar Lahadi kaɗai take ajiye fartanya. Takan ce, "Gona ba ta san Lahadi ba, amma ni na sani."

Akwai abu ɗaya da ba ta wasa da shi. Ranar aurenta uwarta ta ba ta kwando guda na irin citta, mai kaurin nan da ake kira tafin giwa, kuma shi take juyawa tun daga lokacin. Kowace kaka sai ta zaɓe mafi kyau, ta binne a rami bayan gida, ta rufe da busasshiyar ciyawa har ruwa ya sauka. Ina yarinya na taɓa zarar guda don na yi shayi. Ranar ce kaɗai ta taɓa dukana a rayuwata, tana cewa, "Iri ba abinci ba ne, amana ce."

Kwana uku bayan jana'iza ruwan fari ya zuba. Bulus, wanda shi ne manomi a cikinmu, ya ce mu buɗe ramin kada irin ya lalace. Muka ɗage ciyawa, wayam! Ko yatsa ɗaya babu. Irin da ya tsallake shekarar da cuta ta ruɓar da gonakin mutane, a ce ya ɓace a makon da muka binne mai shi?

Nan fa kowa ya kama nasa zato. Bulus ya ce ƙila ciwo Mama take ɓoye mana, ta sayar ta sayi magani. Ni kuwa, da bakina da ba ya da linzami, na ce ɓarawon a cikin gida yake, ina kallon matar Bulus. Allah ya gafarta mini. Kwana biyu muna karɓar gaisuwa a tabarma ɗaya, ba mai ce wa wani uffan.

Ranar Lahadi bayan sujada sai ga matan zumuntar cocinmu su bakwai sun shigo a jere, kowacce da kwando a ka. Mama Laraba, aminiyar Mama, ta sauke nata a gabana.

"Ladi, ga amanar uwarki."

Na leƙa. Tafin giwa ne, har ya fara fitar da ido.

"Tun bayan Kirsimeti ta rarraba mana," in ji ta. "Ta ce idan ruwa ya sauka ta zo, mu ba ta. Idan ba ta zo ba, mu kawo miki."

"Ni, Mama Laraba? Ai Bulus ne manomi. Ni alli kawai na sani."

"Mun gaya mata haka, 'yata. Ta ce ita ma a hannun uwarta ta karɓa."

Na juya na kama hannun matar Bulus ina kuka, na roƙe ta gafara a gaban kowa. Amma ruɗanina bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Mama ta san za ta tafi ke nan? In ta sani, me ya hana ta faɗa mini? Sai na tuna da Kirsimetin. Ina ɗaure jaka, mai babur yana jira a ƙofa, ta ce, "Ladi, zo bayan gida in nuna miki yadda ake zaɓen iri." Na ce, "Haba Mama, mota za ta bar ni, bari sai Ista." Ta ce, "To." Ba ta kai Ista ba. Har yanzu na kasa gane ko faɗa min take yi, ni ce ban ji ba.

Jiya muka shuka. Mama Laraba ce ta kama yatsuna tana nuna mini inda ake karyawa don kowane guntu ya tafi da idonsa. Shekarata hamsin, da furfura a kaina, ina koyon abin da uwata ta so koya mini a tsaye cikin ɗan lokaci.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Rifkatu. Ta gaji, ka ba ta hutu a wurinka. Ka ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta, ka haɗa kanmu, ka sāka wa matan da suka riƙe amanarta. Ka kuma yi mini jinƙai, ka sa irin nan ya tsiro, kada ya ƙare a hannuna. Cikin sunan Yesu, amin.