Tsamiyata a Gidan Wani

Da mahaifinmu ya rasu, mu biyu ya bari, ni da yayana. Bayan an yi sadakar arba'in, malamai suka zauna a zaure don rabon gado. Abin ba yawa: gida a cikin garin Bebeji, gona a bayan gari, 'yan awaki, sai tsamiyar da ke tsakar gida ta wajen katangar yamma. Namiji kashi biyu, mace ɗaya, wannan ba abin musu ba ne. Gida ya faɗa wa yayana. Da aka zo kaina, aka aiko cikin gida a ji ko akwai abin da nake so a sa a kasona. Na ce tsamiya.

Daga inda nake zaune na jiyo wani ya yi dariya a zaure. Na san muryar, ƙanin babanmu ne, mutumin da bai taɓa dasa ko barkono ba a rayuwarsa. Ya ce mace dai mace ce, ana rabon ƙasa tana rabon kunu.

A wajenmu itace daban, ƙasa daban. Mutum kan mallaki ɗorawa a gonar wani, ko kuka a kangon wani, ya gada kuma ya bar wa 'ya'yansa. Ko ƙasar ta canza hannu, itacen na nan ga mai shi, ran da ya zo ɗiba kuma ba mai tare masa hanya. Wannan na sani, shi kuma na riƙe. Ina aure a wani ƙauye can gefen Kiru, kuma na ga yadda takan kasance wa mace in iyayenta sun ƙare. Gidan da aka haife ta ya koma gidan wasu, in ta zo a shimfiɗa mata tabarma a kawo ruwa, kafin ta huce a fara tambayarta yaushe za ta koma. Ni ba kunu nake nema ba. So nake in sami dalilin shiga gidan ubana wanda babu alfarmar kowa a cikinsa.

Garin a lokacin, in ka hango shi daga nesa, ganye za ka fara gani kafin soraye. Kowane gida da itacensa, har da su ake kwatance: ka wuce gidan mai durumi, ka karya ta wajen cediya, in ka ga kuka ka ɓata. Bayan ɗakuna akwai rama da kuɓewa da lalle, zogale a jikin danga, kabewa ta hau rufin ɗaki ta kwanta abinta. Tamu tsamiyar ta fi duk na unguwar girma da kuma rashin kirki. Ba ta barin komai ya tsiro a ƙarƙashinta, ganyenta kuwa ƙanana ne masu naci, ka share da safe, kafin azahar sun dawo, har cikin miya. Mahaifiyarmu ta ƙare rayuwarta tana yi mata faɗa. Amma a gindinta take kaɗi, a nan take tsefe min kai tana ranƙwashina, a nan kuma ta yi jinyarta ta ƙarshe, don ta ce ɗaki ya yi mata zafi.

Ba a daɗe da rabon ba yayana ya ce gonar ta gaji. Shekarun nan ne da gyaɗa ta yi daraja, kafin Turawa su tafi, idon kowa ya buɗe. Masu ƙarfi suna ta gangarawa kudu wajen Tudun Wada da Doguwa, inda daji ke nan ba a sare ba. Ya sayar da gidan ya kwashi iyalinsa. Bai aiko min ba, a bakin wata mai tallan daddawa na ji. Abu ɗaya zan yaba masa: ya ce wa mai saye a gaban shaidu, ban da tsamiya, ta ƙanwata ce.

Mai sayen wani ɗan kasuwa ne da ya taso daga wajen Kwanar Dangora, yana awon gyaɗa. Tsakani da Allah ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Yayana ne ya sayar, amma wannan bawan Allah nake jin zafi.

Da rani tsamiya take nuna. Sai in roƙi maigidana jaki, in bi masu cin kasuwa mu taso da sassafe. Tafiya ce mai cin ƙafa, ga rana, ni kuwa tun a lokacin gwiwata ta fara ƙorafi. In na iso sai in sauka gidan wata gwaggona, washegari in nemi mai hawa. Akwai wani mutum a unguwar, gajere mai faɗin ƙafa, sana'arsa ke nan, ana ba shi kaso cikin abin da ya kaɗo. Kafin ya ɗora ƙafa a jikin itace sai ya tsaya ya ɗaga murya, “Za a hau! Mata a shiga ɗaka!” Dole ne, don daga saman tsamiyar nan ana ganin tsakar gidajen rabin unguwa. Sai ka ji ana kwashe tukwane ana tsaki ta bayan kowace katanga.

Mai gidan kuwa matarsa a kulle take, ga shi ƙato zai ratsa zaure ya shigo har ciki. Na ga yadda fuskarsa ta yi ran farko. Amma ya matsa gefe ya ce, “Bismillah, Iya, ai gidanku ne.”

Na ce, “Na sani.”

Na shiga na tarar an rushe rumbun babanmu. Ɗakin mahaifiyarmu an cika shi da buhuna har baki. Lallen da ta dasa a bayan ɗakin, awaki sun cinye shi saura tsinke. Matar gidan mai kunya ce, ta kawo min fura ta durƙusa ta gaishe ni. Na sha, sannan na gaya mata ba a ɗaure akuya kusa da lalle, kuma ba a nan ake kafa murhu ba, hayaƙi cikin ɗaki zai koma. Daga baya aka ce wai bakina ya yi yawa. Ni dai abin da na gani na faɗa.

Haka mukan wuni, mai hawa yana kaɗowa da gora ina tsincewa. In ya sauko ya tafi da kasonsa, sai in baje tabarma in hau ɓara da dunƙulawa curi-curi. Ina jan aikin iya yadda zan iya. Abin da za a gama kafin la'asar sai in kai shi washegari, kuma na san sun gane. In hannuna ya gaji sai in jingina da gindin in rufe ido. Ana daka a gidan maƙwabta, ladanin unguwa muryarsa ba ta canza ba, ƙasar da nake zaune a kanta ta san ni. Na ɗan wannan lokacin nakan manta an sayar da wani abu.

Shekara ta zagayo, mai gidan ya fara aiko mutane. Da farko aka ce in faɗi abin da nake so a ba ni. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Sai aka dawo da maganar musaya: yana da ɗorawa a wata gona a kan hanyar Kiru, kusa da ni, in karɓa in bar masa tsamiya. Duk wanda ya ji sai ya ce na ci riba, ɗorawa ai ta fi tsamiya, ga kalwa ga gari, ga shi ba tafiya. Maigidana ma ya ce, “Ke dai kina son wahala. Jakin nan da yana magana da tuni ya kai ƙararki.” Na ce to a bari ya yi maganar tukuna.

Da faɗa aka yi da ni da na ji daɗi, don na iya shi. Lallashi ne, da gaisuwa, da goro. Duk wanda na gaisa da shi a Bebeji, bayan an tambayi gida da gajiya, sai ya gyara zama ya ce, “Af, maganar tsamiyar nan.” Liman ya yi min nasiha a kan haƙƙin mai gida. Gwaggona ta ce ina sa ta jin kunyar unguwa. Har yayana, wanda bai ga damar gaya min ya sayar da gida ba, ya ga damar aiko saƙo daga Doguwa cewa in yi haƙuri in bar wa mutumin. Na gaji, wallahi na gaji. Nakan koma gida ƙafa a kumbure, kai na sarawa, in kwanta in ce bana ce ta ƙarshe. Da azumi in raba tsamiyar wa maƙwabta, don ta fi ƙarfin tukunyata. Rani na zuwa kuma in sake roƙon jaki.

A ƙarshe mai gidan ya kai maganar gaban mai unguwa, wai ba ƙara ba ce, shawara ce. Mai unguwa tsoho ne, abokin babanmu, tare suka yi fatauci suna samari. Aka sa ni na zauna daga gefen zaure. Mutumin ya yi bayani a natse. Ya ce ba 'ya'yan itacen ne suka dame shi ba, shigar namiji cikin iyalinsa ne, kuma ba ya so ya zama shi ne ya hana marainiya haƙƙinta.

Mai unguwa ya juyo ya ce, “'Yar nan, me ya hana ki karɓi ɗorawar?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba a gidanmu take ba.”

Wani ya ce ai tsamiyar ma yanzu ba a gidanku take ba, aka yi dariya. Mai unguwa bai yi ba. Ya ce, “Itace na mai shi ne. Haka muka tarar, ba ni zan canza ba. Tunda ta ce ba ta sayarwa, magana ta ƙare. Duk inda itacenta yake, hanyar zuwa gare shi a buɗe take.”

Ranar na koma gida ko gwiwar ban ji ba. Na ce wa maigidana ya gaya wa jakinsa an yanke hukunci.

Daminar da ta biyo baya ta yi ruwa sosai, katangu da yawa suka zube a garin. Da rani na zo yadda na saba. Tun daga bakin lungu na ga kamar wani abu ya canza, ban gane ba sai da na matso. Katangar gidanmu ta yamma ma ta faɗi da damina, an sake gina ta, amma ba a tsohon gurbinta ba. An ja ta ciki, ta yi gwiwa, ta bi ta bayan tsamiyar. Tsamiyar na tsaye a waje, a gefen lungu, an share gindinta tas.

Mai unguwa da liman na zaune a dakalin ƙofar gida, kamar jirana ake yi. Mai gidan ya fito daga zaure da fara'arsa ya ce, “Sannu da hanya, Iya. Ga itacenki. Na bar miki har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Yanzu ba sai kin yi wa kowa sallama ba. Ko ina gari ko ba na gari, ki zo ki ɗebi abinki.”

Liman ya ce kai, wannan adalci da yawa yake, mutum ya yanki filinsa ya bayar don a zauna lafiya. Masu wucewa suka tsaya suna ta sa masa albarka. Kuma gaskiya ne, na duba ta ko'ina ban ga inda aka cuce ni ba. Ko reshe ɗaya ba a taɓa ba. Har yau ban sani ba ko mutumin ya san abin da ya yi min, ko kuwa da zuciya ɗaya ya yi. Mai unguwa dai ya sani, don bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce a hankali, “'Yar nan, yi masa godiya.”

Na durƙusa a gaban mutane na ce, “Na gode. Allah Ya saka da alheri.” Tun da nake ban taɓa furta maganar da ta yi min nauyi kamar wannan ba.

Mai hawa ya zo ya yi shelarsa ya hau. Na tsuguna a lungu ina tsincewa, jakuna na wucewa ina janye tabarma, kowa ya gifta ya ce sannu da aiki. Da ya sauko, na jiyo matar gidan ta fito tana shara ta bayan sabuwar katangar, tana 'yar waƙarta. Can ta aiko min da fura a ƙwarya, aka miƙo min a waje. Na sha kaɗan na mayar. Aikin da nakan kai washegari, ran nan tun kafin la'asar ya ƙare, don babu abin da zan ja shi dominsa.

Da na ɗaure kayana sai na taka zuwa ƙofar zauren na tsaya. A buɗe take, ba wanda ya hana ni shiga. Na tsaya ina neman abin da zan ce na zo yi, na nema na nema ban samu ba. Mai gidan ya leƙo ya ce, “Iya, ko kin manta wani abu ne?”

Na ce a'a. Na kora jakina, kuma ban sake taka tsakar gidan ubana ba.